Me ya sa mai ilimin lakwal ke tuntuɓe in an ba shi takardar Hausa?

Jama'a masu saurare, ku rubuta "gari" ku miƙa ma wani. Garin Maradi ne, ko garin tuwo? Takarda ba ta faɗa ba. A baki kuwa ko yaro ba ya ruɗewa, don na tuwo jan wasalinsa ake yi.

Wannan giɓi yana da tarihi. Tun kafin zuwan Turawa malamai na rubuta Hausa da ajami, da shi Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta. Ajami na iya nuna jan wasali: a sa alif, garin tuwo ya fita daban. Da boko ya zo, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, daga baya aka ƙaro ɓ, ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su tun 1939. Amma jan wasali da hawa da saukar murya, an bar ma mai karatu. Kukan jariri da kukar miya, sai ka ga abin da ke biye.

Shi ya sa gwanin karatun Hausa ba harafi-harafi yake bi ba. Idonsa na riga bakinsa, ya leƙa ƙarshen jimla, ya gane wace kalma ce, sannan ya furta. Hausar da ke kunnensa ce ke cike abin da alƙalami ya bari.

Mu nan Nijar kuma an ƙara mana kaya. Idonmu da Faransanci ya buɗe, inda Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Wanda ya saba da haka, in ya ga "ci" sai bakinsa ya tafi ga "si". Ba rashin ilimi ba ne, ido ne aka horar a wata gona. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun, duk da haka har yau mu muna rubuta ƴa, Kano na rubuta 'ya.

Abin ba wasa ba ne a gidan rediyo. Sanarwar rasuwa ko ta cigiya ta zo da rubutu rabi Faransanci rabi Hausa, mai gabatarwa ya karkata suna guda, dangi a ƙauye su ji, su ce ba nasu ba ne.