Kanarin Mahaƙar Kwal da Janaretan Soro

A watan Janairun 1896 wata mahaƙar kwal ta fashe a Tylorstown da ke yankin Wales na Birtaniya, mutum 57 suka rasu. Kowa ya ɗauka wuta ce ta cinye su. Da likita John Scott Haldane ya duba gawarwakin, sai ya tarar mafi yawansu ba ƙuna ce ta kashe su ba. Abin da ya ɗauke su iskar kabon monoksaid ce, wadda ta cika ramin bayan fashewar.

Haldane ya san wannan iska sani na ƙwarai, domin ya sha shaƙarta da gangan yana auna jininsa, ga ɓera a gefe. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, kamun da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, sannan ƙafafu su ƙi ɗaukarsa tun bai gane abin da ke faruwa ba. Ya kuma lura ƙaramar dabba na riga mutum faɗuwa. Daga nan aka fara shiga rami da tsuntsun kanari a keji, al'adar da Birtaniya ba ta bari ba sai 1986, lokacin da na'urar gano iskar ta gaji aikinsa.

Iskar nan ce dai ke fita daga bututun janareta mai shan fetur. A Nijeriya, inda ɗaukewar wuta ta girmi yawancin masu karanta wannan, tsoron ɓarawo da ruwan sama kan sa a jawo injin cikin soro, ko kicin, ko ƙarƙashin bene, a rufe ƙofa a kwanta. Tsoron yana da hujja, amma mai barci ba ya jin jirin da zai tashe shi, kuma buɗe taga ba ya wadatarwa.

Hukumar CDC ta Amurka ta ce a ajiye injin a fili, aƙalla ƙafa 20 (kimanin mita 6) daga ƙofa da taga, bututun na kallon waje. In sata ake gudu, kejin ƙarfe mai shan iska da kwaɗo sun isa. Na'urar ƙararrawa mai batir kuwa kusa da ɗakin kwana ake maƙala ta. Idan mutanen gida suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fita waje da kowa, a kashe injin, a nufi asibiti.