Jikin Yaro a Halin Gaggawa: Nazari kan Masassara da Tamowa a Yankin Urno

Tsakure

Maƙalar ta duba inda halittar jikin yaro ta saɓa da ta babba, da abin da hakan ke nufi ga ma'aikacin lafiya a Urno, ƙaramar hukuma a gundumar Madawa ta jihar Tawa a Nijar. Hujjarta ita ce jikin yaro kan ɓoye tsananin ciwo har ƙarfinsa ya ƙare, saboda haka jiran alamomin da aka saba gani ga manya yana jawo asarar rai.

Gabatarwa

Daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yawaita, masassarar cizon sauro da tamowa kan haɗu a jikin yaro guda. Tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ƙungiyar likitoci ta MSF ma ta daɗe tana tallafa wa sashen yara na asibitin Madawa. Amma kafin yaro ya kai can, ƙaramin gidan likita na karkara ne ke fara karɓarsa.

Jini da zuciya

Yaro mai kilo 10 jininsa duka bai fi mililita 800 ba, alhali na babba ya kai lita 5. Ƙwayar masassara tana fasa jajayen ƙwayoyin wannan ɗan jinin. Zuciyar yaro ba ta iya ƙara yawan abin da take turawa a bugu guda sosai, sai ta ƙara sauri, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke. Da wannan dabara awon jini kan zauna daidai ko da kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, in ya faɗi kuwa an makara. Abin dubawa shi ne sanyin hannu, bugu mai sauri marar ƙarfi, tafin hannu da ya yi fari, da farcen da aka danna bai koma ja ba bayan daƙiƙa 3.

A nan ne ƙarin ruwa yake da haɗari, ko da yake iyaye sukan fi natsuwa in sun ga an rataya leda. Binciken FEAST na 2011, kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda, Kenya da Tanzaniya, ya nuna kusan kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu cikin awa 48, sauran kuwa kashi 7.3. Ga mai tamowa abin ya fi muni, domin tsokar zuciyarsa ma ta rame. Shi ya sa ake ba shi ruwan gishiri da sukari na ReSoMal ta baki, sannu a hankali.

Numfashi, sukari da ɗumi

Yaro yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba in aka auna da nauyi, ga maƙogwaro ƙunci, ga harshe babba. Numfashi 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Ajiyar sukari a hantarsa kaɗan ce, fatarsa kuma tana saurin zubar da ɗumi, har cikin damina.

A ganina, abin da ya kamata a fi horar da ma'aikatan Urno a kai shi ne matakin farko: a ba yaro sukari, a lulluɓe shi a jikin uwarsa, a saka masa maganin masassara na artesunate ta dubura in bai kai shekara 6 ba kuma ba ya iya haɗiya, a tura shi Madawa tun awon jininsa bai faɗi ba.