Takardar Lanho da Harshen Mai Biya: Tarihin Sanarwar Haraji a Ƙasar Hausa ta Nijar

Gabatarwa

A cikin takardun da hukuma ke aike wa talaka babu mai nauyi irin ta haraji, domin rashin gane abin da ta ƙunsa yakan jawo tara, wani lokaci har da rufe shago. Nufin wannan nazari shi ne a bi sawun sanarwar haraji a kudancin Nijar tun daga zamanin sarakuna, a kuma duba kalmomin da kowane zamani ya bar wa harshe. Abin da tarihin ya nuna shi ne Hausar Nijar ta wadata da kalmomin biya da na tilas, amma kalmomin da mai biya zai kare kansa da su ba su zauna ba tukuna.

1. Zamanin sarakuna

A ƙarni na 19, a Damagaram da Maraɗi da Tsibirin Gobir, talaka ya san zakkar hatsi, da jangalin dabbobi, da kuɗin ƙasa, da gaisuwar da ake kai wa manya. Ana biya da dami, ko da dabba, ko da wuri. Malaman fada suna rubuta wasiƙun sarki da Larabci, amma sanarwar da ke isa ga manomi ta baki ce: jakada ya faɗa wa mai gari, mai shela ya bi unguwa-unguwa. Zalunci bai rasa ba a wancan lokaci, sai dai mai karɓa da mai biya harshe ɗaya suke ji. Wanda fara ta cinye wa gona yana iya kai kuka, ya nemi rangwame ko afuwa, da kalmomin da kowa ya sani.

2. Zuwan Nasara da haihuwar lanho

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. A ranar 13 ga Afrilu 1900 majalisar Faransa ta yi dokar kasafin kuɗi wadda ta ɗora wa kowace ƙasar mallaka nauyin biyan kuɗin gudanar da mulkinta. A ƙasar da ba ta da tashar teku, kuma kasuwancinta da Turai bai taka kara ya karya ba, wannan nauyi ya faɗa a kan kuɗin kai da jangali.

Daga nan takarda ta shiga tsakani. Kumandan yakan fita rangadi ya yi ƙidaya, a rubuta mutanen kowane gari da dabbobinsu a kundi da Faransanci, a yanka wa gari jimlarsa. Sarkin kanto da mai gari su tara kuɗin, a ba su wani kaso ladan aikinsu. Tafinta ne kaɗai ƙofa tsakanin kundin da jama'a, shi ya sa matsayinsa ya ƙasaita. Idan mutum ya mutu ko ya yi ƙaura, sunansa na iya zama cikin kundi har ƙidaya ta gaba, danginsa kuwa su ci gaba da biya masa, don ba su da hanyar ganin abin da aka rubuta. Dokar da ta ba kumandan ikon hukunta ƴan ƙasa ba tare da shari'a ba ta sa jayayya ta zama kasada, kuma ba a kawar da ita ba sai a 1946, shekarar da aka hana aikin tilas. A yunwar 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasar, an ci gaba da neman haraji, mutane da yawa suka ƙetara Nijeriya.

Harshe ya riƙe shaidar wannan zamani. Kalmar "lanho" ta fito daga l'impôt: an haɗe harafin l na farko da gundarin kalmar, kamar yadda l'école ta zama "lakwal", sa'an nan p ta koma f, wadda Hausar yamma ke furtawa h a gaban wasalin o. Haka nan aka ari "fatanti" ta ƴan kasuwa, da "gardi" mai rakiyar masu karɓa. Duk kalmomin aron nan na abin da ake biya ne, ko na wanda ke tilasta a biya. Kalmomin Faransanci na ƙorafi da na sauke haraji sun tsaya cikin ofis, domin talaka bai taɓa jin su ba balle ya are su. A ƙetaren iyaka, inda Ingilishi suka gudanar da mulkin gargajiya da rubutacciyar Hausa, kalmomin ofis irin su "baitulmali" sun sami wurin zama a rubuce, abin da bai faru ba a nan.

3. Bayan mulkin kai

Bayan 1960 tsarin bai canza sosai ba. Lokacin karɓar lanho ya ci gaba da dacewa da kakar gyaɗa a Maraɗi da Damagaram, lokacin da kuɗi ke hannun manomi. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, taron Bamako na 1966 kuma ya daidaita haruffan rubutu, amma takardun kuɗi na gwamnati sun zauna da Faransanci. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom ya shigo, gwamnatin Seyni Kunce ta soke kuɗin kai na ƙasa, aka bar harajin gunduma. Daga baya nauyin haraji ya karkata zuwa birane: harajin albashi da ake cirewa tun daga tushe, da harajin riba, da harajin saye da sayarwa. An tattara dokokinsu cikin kundi ɗaya a 2012.

Wannan sauyi ya canza fuskar sanarwa. Da can gari ake yanka wa jimla, mai gari ya tsaya a tsakani; a sabon tsari takarda tana zuwa da sunan mutum ɗaya da lambarsa. Tana faɗin irin harajin, da shekararsa, da jimlar kuɗi, da ranar ƙarshe ta biya. Doka ta ba mai biya damar kai ƙorafi a rubuce ga hukumar haraji cikin ƙayyadadden wa'adi, kafin maganar ta je kotu. Wanda ya ajiye takardar yana jiran mai karanta masa, wa'adin na iya wuce shi bai sani ba.

4. Abin da ya shafi masu tsara karatun manya

Matsala ta farko ta lissafi ce. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala kuwa tamma 5 ce. Abin da takarda ta rubuta 1.000 shi ne dala 200, wato jika guda, 7.500 kuma jika 7 da dala 100. Wanda ya koyi karanta lambobi bai koyi raba su gida biyar ba, bai iya karanta takardar lanho ba tukuna.

Ta biyu ta kalmomi ce. Takardar da ke sanar da jimla dabam take da takardar gargaɗin ƙarshe, sauke haraji dabam yake da jinkirta shi, tarar makara kuma dabam take da ainihin bashin. Hausa tana da "wa'adi", "ƙorafi", "rangwame", "gargaɗi" da "tara". Abin da ya rage shi ne masana harshe da ma'aikatan haraji su zauna tare, su ba kowace kalma ma'ana ɗaya tak, a gwada ta a kasuwannin Maraɗi da Tawa kafin a buga.

Kammalawa

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardar haraji na cikin wuraren da za a fara auna wannan mataki, tun da ita ce rubutun hukuma da ke shiga shago da rumfar kasuwa kowace shekara. Ya kamata fassararta ta fara daga sashen da ke gaya wa mai biya inda zai kai ƙorafi da kwanakin da suka rage masa.