'Yan Benci: Hukuncin Da Wani Ɗan Zariya Ya Yanke A Toronto

A gidajen kallon ƙwallo na wajenmu, daga Damari zuwa Sabuwa da Faskari, babu baƙar maganar da ake yi wa ɗan wasa da ta kai a kira shi ɗan ɗumama benci. Ƙwallon ƙafa ce ta koya mana wannan raini, kuma tana da hujjarta. Har zuwa shekarar 2020 mutum uku kacal koci ke iya canzawa a wasa, wanda ya fita kuma ya fita ke nan. Saboda haka wanda aka zaunar, galibi kallo ya zo yi, kamar mu da muka biya kuɗin shiga.

A ƙwallon kwando lissafin daban yake. Kuma ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa nuna wa duniya haka a wannan zamani, a Zariya ya tashi, garin da ɗan Damari ke isa idan ya bi ta Dandume da Funtuwa. Kafin mu zo kansa, sai mun ga yadda benci ya samu daraja tun farko.

Lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka a 1891, da shekarun da suka biyo baya, dokar canji irin ta ƙwallon ƙafa ce: wanda aka fitar ba ya komawa. A 1921 aka yarda ya koma sau ɗaya, a 1934 sau biyu, sai a 1945 aka ɗage iyakar baki ɗaya. Wannan gyara da ake gani kamar ƙarami shi ya sauya fasalin wasan. A gasar NBA ta Amurka minti 48 ake yi, mutum biyar a fili, wato minti 240 ne koci zai raba wa 'yan wasansa kowane dare. Ko da manyansa biyar sun yi minti 34 kowannensu, saura minti 70 da dole wasu su ɗauka. Fiye da rubu'in wasa ke nan, sau 82 a kaka guda. Ƙungiyar da ba ta da amintattun da za su riƙe waɗannan mintuna, abin da manyanta suka tara da gumi zai zube kafin su gama shan ruwa.

Red Auerbach, kocin Boston Celtics, shi ake jingina wa dabarar "mutum na shida" a shekarun 1950. Yakan ajiye ɗaya daga cikin gwanayensa, Frank Ramsey, a benci da gangan, sai abokan karawa sun soma gajiya ko sun shigo da nasu 'yan canjin, sannan ya sake shi. John Havlicek ya gaji wannan matsayi daga baya. A kakar 1982-83 hukumar NBA ta soma ba da lambar yabo ga gwarzon ɗan benci, Bobby Jones na Philadelphia ya fara karɓa. Amma duk wannan labarin gwani ne da kowa ya riga ya san gwani ne. Tambaya mai wuya ita ce ta yaron da ba a sani ba, mai samun minti goma sha biyar ko ashirin, wanda ba a tabbatar ko zinariya ba ce a cikin ƙasa ko kuwa tagulla.

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Kenya, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai yana da kimanin shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai zama tauraro ba. Ya yi karatu a Amurka, ya buga a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan a 2002 ya soma yi wa Orlando Magic farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiyensa da aljihunsa. Ina ganin wannan tarihi yana da nasaba da abin da ya biyo baya. Mutumin da ya yi shekaru yana zama a ƙananan ɗakunan wasa yana kallon yaran da babu mai kallonsu, idonsa kan saba da neman abin da allon maki ba ya nunawa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors ta Kanada.

Toronto gari ne da manyan taurarin Amurka ba sa ɗokin zuwa, ga sanyi, ga shi wata ƙasa. Kuma da yake ƙungiyar tana cin wasanninta daidai gwargwado, ba ta samun sahun farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara, inda waɗanda suka fi shan kashi ke fara ɗiba. Sai Ujiri ya koma tsintar abin da wasu suka tsallake. A 2015 ya ɗauki Delon Wright a lamba ta 20, ya samo Norman Powell da aka zaɓa a ta 46. A 2016 ya ɗauki Jakob Poeltl ɗan Ostiriya a ta 9, da Pascal Siakam ɗan Kamaru a ta 27, yaron da ya yi makarantar horar da limaman coci kuma bai kama wasan sosai ba sai yana dab da shekara 17. A wannan shekara aka kira sunaye 60 ba a kira Fred VanVleet ba, saboda ana ganin gajere ne kuma ba shi da gudu. Toronto ta ɗauke shi bayan an watse. A 2017 sai OG Anunoby, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, a lamba ta 23, yana jinyar gwiwa. Kada a ɗauka duk jifan Ujiri ya sami tsuntsu. Bruno Caboclo ɗan Barazil da ya ɗauka a ta 20 a 2014 bai tsinana wa ƙungiyar komai ba.

Abu na biyu da ya yi ya fi zaɓen muhimmanci a ganina. A 2015 Toronto ta kafa ƙaramar ƙungiyarta, Raptors 905, a garin Mississauga da ke maƙwabtaka da ita. Manomin masara a Damari ya san ba a gane ingancin iri a cikin buhu, sai an shuka an ga tsirowarsa. Yaron da ke zaune a bencin babbar ƙungiya sai a tura shi can ya buga cikakken wasa, a kan tsarin da manyan ke bi, a dawo da shi. A 2017 ƙaramar ƙungiyar ta ci kofin gasarta, Siakam ne gwarzon wasan ƙarshe, VanVleet na gefensa.

A kakar 2017-18 amfanin ya nuna. Koci Dwane Casey yakan fitar da manyansa ya zuba biyar a tare: VanVleet, Wright, Siakam, Poeltl da C.J. Miles, wanda shi kaɗai ne tsohon hannu a cikinsu. Duk wanda ya duba makinsu ɗaya-ɗaya ba zai ga abin mamaki ba. VanVleet bai kai maki tara a wasa ba, Siakam bakwai da ɗoriya, kuma jifansa na nesa, mai maki uku, huɗu cikin biyar ba sa shiga. Amma akwai wani ma'auni da masu nazari ke amfani da shi: a bar makin mutum, a duba tazarar da ƙungiya ke samu ko take rasawa a mintunan da yake cikin fili. Da wannan ma'auni, biyar ɗin nan suna cikin rukunan da suka fi kowa tasiri a gasar. Sukan shigo ana kunnen doki su fita an ba da rata. Toronto ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, ta zo ta ɗaya a shiyyar gabas.

Sai aka shiga zagayen fitar da gwani, Cleveland ta LeBron James ta share su wasa huɗu a jere.

A nan ne darasin tantance ɗan benci yake, kuma yana da ɗaci. A tsawon kaka, 'yan benci galibi da 'yan bencin wata ƙungiya suke karawa, kamar ƙananan 'yan dambe masu sharar fage kafin manya su fito. A zagayen fitar da gwani kuwa, koci kan rage mutanensa zuwa bakwai ko takwas, tauraro ya yi minti 40 ko fiye. Yaron da ya saba walawa a gaban tsararsa sai ya ɗaga kai ya ga LeBron. Gaskiya ne VanVleet ya ji rauni a kafaɗa a wasan ƙarshe na kakar, kuma manyan Toronto su ma sun ba da kunya. Duk da haka abin ya fito fili: ƙididdigar rukuni ba ta gaya maka wane ne cikin biyar ɗin ke ɗauke da sauran, wane ne kuma ake ɗauke da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan shi ne hukuncin da ya rage wa Ujiri, kuma aikinsa na kan siraɗi. Ya sallami Casey, a shekarar da aka ba Casey lambar gwarzon koci, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. A Yulin 2018 ya ba San Antonio DeMar DeRozan, wanda mutanen Toronto ke ƙauna kamar ɗansu, ya haɗa da Poeltl, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Leonard wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata, kuma saura masa shekara ɗaya ya iya tafiya abinsa. A Fabrairun 2019 ya ba Memphis Wright da Miles da Jonas Valanciunas, ya karɓo Marc Gasol ɗan Sifaniya. Cikin 'yan bencin nan biyar, uku sun zama kuɗin cefane. Biyu ya riƙe: Siakam da VanVleet.

Me ya bambanta su? Abin da na fahimta daga kallon wasanninsu shi ne, kowannensu yana da abin da ba ya raguwa idan abokin karawa ya ƙara girma. Siakam yana iya tsare dogo da gajere, yana da gudun da ba ya ƙarewa, kuma kowace shekara yakan dawo da wani abu sabo a hannunsa. Mutumin da ya fara wasa a makare, rufinsa bai bayyana ba tukuna. VanVleet ba ya zubar da ƙwallo, yana manne wa wanda aka ba shi tsaro, yana jifan nesa, kuma tun kakar 2017-18 Casey kan bar shi a fili a mintunan ƙarshe tare da manya. Wanda koci ya amince wa da minti biyar na ƙarshe ya fi wanda ya tara maki bayan an riga an san mai nasara. Poeltl da Wright 'yan wasa ne nagari, sun kuma daɗe a gasar, sai dai an riga an ga iyakar abin da za su bayar.

Siakam ya shiga sahun masu fara wasa, makinsa ya tashi daga bakwai zuwa kusan 17, aka ba shi lambar wanda ya fi kowa ci gaba. Na VanVleet kuwa ya kusa zama abin da-na-sani. A karawa da Philadelphia a 2019 maki 14 ya ci a wasa bakwai gaba ɗaya. Dogayen 'yan wasansu sun rufe shi ruf. Masu sharhi suka yi ta kiran a zaunar da shi. Nurse bai zaunar ba, har a wasa na bakwai da ya yi amfani da mutum bakwai kacal, VanVleet na ciki. A zagaye na gaba da Milwaukee, bayan an haifa masa ɗa, ya jefa na nesa 17 a wasanni uku na ƙarshe, 14 suka shiga. Da an yanke masa hukunci da makonni biyun Philadelphia, da an yi kuskure; da an yanke da kwanakin Milwaukee kaɗai, da an zuzuta. Shekara uku na kallonsa ne suka sa aka yi haƙuri.

Wasan farko na karawar ƙarshe da Golden State ya faɗo cikin azumi, ƙarfe biyun dare agogonmu. Na kalle shi a waya har lokacin sahur, Siakam ya ci maki 32. A wasa na shida, ranar 13 ga Yunin 2019 a Oakland, VanVleet ya taso daga benci ya ci 22, goma sha biyu daga ciki a zangon ƙarshe, bayan ya shafe karawar yana bin Stephen Curry kamar inuwa. Toronto ta ci 114 da 110, ta ɗauki kofinta na farko. Babu ko ɗaya cikin 'yan wasanta da aka zaɓa a sahun 14 na farko. Adalci ne a faɗi cewa Kevin Durant da Klay Thompson sun ji munanan raunuka a karawar. Amma wannan ma magana ce ta benci: da manyan Golden State suka faɗi, waɗanda suka tashi maye gurbinsu ba su iya ɗaukar kayan ba.

Leonard ya tafi bayan wata guda. VanVleet ya koma Houston a 2023 kan kwantiragin kusan dala miliyan 130, Siakam ya kai Indiana wasan ƙarshe a 2025, a Yunin shekarar kuma Ujiri ya rabu da Toronto. Poeltl da aka sayar, an sake sayo shi a 2023.

Idan muka waiwayo gida, Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ci kofin ƙasa sau da dama, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Ƙungiya ba ta kai nan da mutum biyar. Amma hanyar Ujiri tana buƙatar abu biyu: wasanni masu yawa a kai a kai, da rubutaccen bayanin abin da kowa ya yi a cikinsu. A Yunin 2017 aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa sau biyu, ɗaya a Kano da ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja washegari da ya ba Musa Kida, rikicin ya ja gasar cikin gida ƙasa na shekaru. A Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta janye matakin, Mali ta riga ta karɓi gurbin 'yan matanmu a gasar cin kofin duniya. Taurarinmu da ke ƙetare ba su rasa albashinsu ba a duk tsawon wannan lokaci. Yaron da ke lamba ta takwas ko ta tara a ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, shi ne ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana atisaye, yana jiran ranar da za a sa wasa.