Hauwa'u: Asalin Sunan da Hanyoyin da Ya Bi Zuwa Kumasi

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa sunan Hauwa'u Larabci ne tsantsa. Ta Larabci ya shigo Hausa, babu shakka, amma tsohuwar shaidarsa a rubuce tana cikin Ibrananci. A littafin Farawa, sura 3 aya 20, an ce Adamu ya raɗa wa matarsa suna Hawwah saboda ita ce uwar masu rai duka. Sunan yana da dangantaka da saiwar da ke nufin "rai", wadda ita ce ta ba Larabci kalmar "hayat". Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, matar Adamu kawai ya kira ta. A hadisi da littattafan tafsiri ne aka samo Hawwa'.

Daga nan Hausa ta yi nata aikin. Wasalin "u" na ƙarshe ragowar i'irabin Larabci ne, kamar a Asma'u. Baƙin "w" mai ɓauri kuwa shi ake rubutawa "uw", sai aka sami Hauwa'u, a taƙaice Hauwa. Saboda alkunya aka yi mata laƙabi: Kulu, da Maijidda ko Jidda, domin ruwayar da ke cewa a birnin Jidda kabarinta yake.

Fatauci ne ya kai Hausawa ƙasar Asante. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar 1892 da yawansu suka watse, wasu daga baya suka sauka Kumasi, Zango ya bunƙasa. A Gana an fi rubuta sunan Hawa, kamar na marigayiya Hawa Yakubu, 'yar majalisa daga Bawku.

Hanya ta biyu ta mishan ce. Ta Helenanci da Latin sunan ya koma Eva, a Turanci Eve. Amma da Christaller na Mishan Basel ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Twi a 1871, sai ya tsaya kusa da lafazin Ibrananci, ya rubuta Hawa. Saboda haka sunan da ake karantawa a cocin Ramseyer da ke Adum shi ne wanda liman ke raɗa wa jaririya ranar suna a Zango.

Ɗalibin da ya ci karo da Hauwa'u, Hawwa'u, Hawa ko Kulu a rubuce, ya san suna ɗaya ne, kuma kowace siga tana nuna hannun da ta ratsa.