Ƙyallin Wuƙa da Huhun Mai Washi: Waiwaye a Kan Sheffield

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa wuƙa ba ta fitowa daga wuta da haske. Baƙa take fitowa, da ɓawon da wuta ta bari a jikinta, sai an kankare shi kafin farin ƙarfen ya bayyana. Wannan maƙala za ta duba yadda kankarewar ta zama sana'a mai zaman kanta a birnin Sheffield na ƙasar Ingila, da kuma abin da ta jawo wa masu yin ta.

Tun da daɗewa maƙeran Sheffield suka dogara ga ƙoramun da ke gangarowa cikin garin, irin su Porter da Rivelin da Loxley, waɗanda ruwansu ke juya manyan duwatsun washi. Aikin kuwa hawa-hawa ne. Da farko mai washi zai hau wani benci kamar mai hawan doki, ya sunkuya a kan dutsen da ke juyawa, ya danna wuƙar har baƙin ya tafi. Sa'an nan a kai ta ga wata ƙafa ta katako da aka naɗe da fata aka shafa wa gari mai kaushi. A ƙarshe, idan wuƙar mai tsada ce, sai a goge ta da jan gari mai laushi har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Kalmar washi ta Hausa ba ta ɗauke duk wannan ba, domin ita kaifi take nufi, alhali yawancin wahalar don kyaun gani ake sha.

Muddin aikin yana bakin ƙorama, cutarsa da sauƙi, domin in ruwa ya janye dole a huta. Amma daga 1786, da injin tururi ya fara juya duwatsun, sai aka tattara mutane cikin ɗakuna marasa iska, ana aiki ba rani ba damina. A 1830 likita Arnold Knight ya bayyana cutar da ake kira fukar masu washi. Ya nuna cewa masu goge cokali mai yatsu, waɗanda ke aiki a kan busasshen dutse, yawanci sukan mutu tsakanin shekara 28 da 32, su kuwa masu wuƙar tebur, da ke jiƙa dutsensu, sukan kai 40 zuwa 50. Ƙurar dutse da ta ƙarfe ce ke cinye musu huhu. Ga kuma haɗarin dutsen ya tarwatse yana cikin gudu.

A 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a wannan gari, haske ya zama abin da ke daɗewa. Sai dai yaƙi ya juya lamarin. Wuƙar Ka-Bar, wadda sojojin ƙundumbalar ruwa na Amurka suka karɓa a 1942, da gangan aka rufe ta da baƙin shafi, don kare ta daga tsatsa, kuma kada walƙiyarta ta tona asirin soja. Masana'antu da yawa sun bi wannan salo har ga wuƙaƙen farauta.

Yanzu kuma masu sha'awar wuƙaƙe sukan sayi irin waɗannan, su cire shafin da maganin cire fenti, su bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, galibi a jiƙe don ƙura ta kwanta. Wuƙar takan yi kyau ƙwarai, amma in ba a riƙa shafa mata mai ba, tsatsa kan kama ta cikin 'yan kwanaki.