Tarihin Kafuwar Taskar Hasken Farko a Cibiyar Goddard

A garin Greenbelt na jihar Maryland, kusa da babban birnin Amurka, hukumar NASA tana da wata cibiya mai suna Goddard, kuma a cikinta ne aka kafa taskar da malaman falaki suka sani da sunan LAMBDA, wadda aikinta shi ne ta adana, ta kuma raba wa duk mai bukata kyauta, abin da na'urorin hangen nesa suka auno na wani haske mafi tsufa a cikin dukkan hasken da ɗan'adam ke da ikon ganowa. Masana sun tafi a kan cewa wannan haske ya taso ne tun halitta tana da shekara wajen 380,000 da farawa, ya yi ta tafiya sararin yana shimfiɗuwa da shi, har ya huce ya koma gajerun igiyoyin rediyo waɗanda ido ba ya gani, masu isowa daga gabas da yamma, kudu da arewa, dare da rana, ba tare da yankewa ba.

Tun a 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka yi lissafin cewa lalle ya kamata a tarar da irin wannan haske, amma maganarsu ta kwanta, sai a 1964 da wasu ma'aikatan kamfanin Bell biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suka yi ta fama da wani gunaguni a cikin na'urarsu da ke garin Holmdel, har suka kori tattabarun da suka yi sheƙa a cikinta suka share kashinsu bisa zaton ko nan ne aibin yake, gunagunin kuwa bai gushe ba. Malaman Jami'ar Princeton, su Robert Dicke da Jim Peebles da David Wilkinson, su ne suka fassara musu abin da suke ji, aka buga bayanin ɓangarorin biyu a 1965. Bayan shekara ashirin da huɗu, ran 18 ga Nuwamba 1989, aka harba tauraron ɗan'adam mai suna COBE wanda aka ƙera a Goddard ɗin, ya tabbatar da cewa zafin wannan haske digiri 2.725 ne kawai sama da matuƙar sanyin da babu wani a ƙarƙashinsa, sa'an nan a watan Afrilu 1992 aka sanar cewa akwai ɗan bambanci tsakanin wani sashen sama da wani, gwargwadon kashi ɗaya cikin 100,000, kuma daga wannan ɗan bambanci ne ake jin taurari da gungunansu suka samo asali. John Mather da George Smoot sun karɓi kyautar Nobel a 2006 saboda wannan aiki.

To, a nan ne mas'alar amana ta taso. Bambancin da ake magana a kansa ƙanƙane ne ƙwarai, har ɗumin jikin na'urar kanta, ko ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu, suna iya haifar da abin da ya fi shi girma, saboda haka duk wanda ya fito da taswira ya ce ga siffar halitta a farkonta, wajibi ne a tambaye shi me ya cire, da wace hujja ya cire shi, kuma me ya rage a hannunsa kafin ya taɓa kome. Malamanmu na hadisi ba su karɓar matani sai sun binciki isnadinsa, mutum bayan mutum, har zuwa tushe, kuma ina ganin da irin wannan tsantseni ya kamata a dubi taswirar sama, domin kyan launinta ba ya zama dalili a kan ingancinta. Bayan wannan kuma akwai tsoron salwanta, wanda ba tsoron banza ba ne, tun da yake hukumar NASA da bakinta ta bayyana a 2009 cewa faya-fayan asali da suka ɗauki hoton saukar mutum a kan wata a 1969 an goge su an sake amfani da su. Abin da aka kashe dukiya mai yawa da rayuwar mutane wajen tara shi, idan aka bar shi a aljihun teburin wanda ya tara, yakan bi mai shi in ya yi ritaya ko ya rasu.

Ran 30 ga Yuni 2001 aka harba magajin COBE daga Cape Canaveral, ƙarƙashin jagorancin Charles Bennett, aka kai shi wani matsayi mai nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, a gefen da ke baya ga rana, inda zai ba rana da duniya da wata baya gaba ɗaya ya fuskanci duhu. Da farko sunansa MAP, amma da Wilkinson ya rasu a watan Satumba 2002, kafin ya ga an bayyana sakamakon aikin da ya ba da ƙarfinsa a kai, abokansa suka ƙara harafin sunansa a gaba, ya zama WMAP. A watan Fabrairu 2003, sa'ad da suka sanar da duniya cewa shekarun halitta sun kai biliyan 13.7, ba su tsaya ga sanarwa da maƙalu kaɗai ba, sun zuba taswirorin da lissafin da ke ƙarƙashinsu a sabuwar taskar, wato LAMBDA, ta yadda ɗalibi a Indiya ko Barazil, ko a Zariya in yana da intanet, zai sauko da su ba tare da neman iznin kowa ba. Wannan shi ne mafarin aikinta a idon jama'a.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin wannan ajiya, domin a nan hikimar take. Na'urar WMAP tana da madubai biyu masu ba juna baya, kowanne yana duban nasa sashen sama, ita kuwa ba ta auna zafin ko ɗaya a cikinsu, sai bambancin da ke tsakaninsu, tana juyawa tana maimaitawa har ta game sama duka cikin wata shida, kuma tana yin haka a kan zango biyar na igiya, wato 23 da 33 da 41 da 61 da 94 a ma'aunin gigahaz, domin ta hanyar gwada zango da zango ne ake rarrabe hasken farko daga hasken gungun taurarinmu da ya tare masa gaba. Taskar ta ajiye waɗannan awo bi da bi kamar yadda suka sauko, ta ajiye taswirar kowane zango, an yanka sama a cikinta gida-gida har 3,145,728 masu faɗi ɗaya bisa tsarin HEALPix da Krzysztof Górski ya ƙago, ta kuma ajiye manhajar da aka yi hisabin da ita, don wanda ya yi shakka ya bi sawu da kansa. An rubuta fayilolin da wani tsari mai suna FITS wanda masu falaki suka yi ittifaƙi a kansa tun 1981, inda kowane fayil ke ɗauke da bayanin kansa a goshinsa da rubutun da mutum zai iya karantawa, kuma saboda ƙarkonsa har Ɗakin Karatu na Fadar Paparoma ya zaɓe shi wajen adana hotunan tsoffin littattafansa na rubutun hannu.

Ba a daɗe ba amfanin ya bayyana. A 2004 wasu masu bincike a Santander ta ƙasar Sifen, waɗanda ba su cikin ƙungiyar WMAP, suka tsinci wani yanki a kudancin sama mai sanyi fiye da yadda aka zata, wanda har yau ake muhawara a kansa. A 2004 ɗin kuma Douglas Finkbeiner ya lura da wani hazo kewaye da tsakiyar gungun taurarinmu, kuma bin diddigin wannan hazo ne ya kai shi da abokansa ga gano wasu manyan kumfa biyu a cikin bayanan tauraron Fermi a 2010. Su kansu masu WMAP, da suka sake zuba bayanai a 2006, sun gyara hisabinsu na lokacin da taurarin farko suka kunnu, suka jinkirta shi daga abin da suka faɗa a 2003, alhali tsohon lissafin yana nan a taskar ba a ɓoye shi ba. Haka suka ci gaba a 2008 da 2010, har ƙarshen 2012 da suka rufe da bayanan shekara tara, bayan na'urar kanta ta daina aiki tun 2010.

A 2008 aka haɗe LAMBDA da wata taska da ta girme ta a Goddard, mai suna HEASARC, wadda aka kafa a 1990, abin da ya ba ta gindin zama da bai dogara ga rayuwar tauraro ɗaya ba. LAMBDA ta tattaro bayanan COBE, da tsohuwar taswirar rediyo ta 1982 da Glyn Haslam da abokansa suka yi, da na na'urorin da ake ɗagawa da balan-balan, da na waɗanda ke ƙasa. Turawan Turai kuwa, da suka harba tauraronsu mai suna Planck a 2009, sun kafa tasu taskar kusa da Madrid, suka saki bayanansu a 2013 da 2015 da 2018.

Abin da ya faru a 2014 ya nuna tsadar rashin irin wannan rabo a kan lokaci. A watan Maris masu na'urar BICEP2 da ke can ƙarshen kudancin duniya suka sanar da cewa sun ga alamar girgizar farkon halitta, alhali a lokacin taswirar ƙura ta Planck ba ta fito ba, har ya zama wani ɓangare na ƙiyasinsu na ƙurar ya dogara ne ga hoton da aka haska a wani taron masana. Da ƙungiyoyin biyu suka haɗa bayanansu suka yi tahƙiƙi tare, sai a farkon 2015 ya tabbata cewa ƙura ce ta samar da mafi yawan abin da aka gani, kuma sun cancanci yabo da suka yarda aka yi wannan binciken a fili.

Na'urar ACT, mai madubi mita shida, wadda aka kafa a kan dutsen Toco cikin hamadar Atakama ta ƙasar Cile, sama da mita 5,000 daga fuskar teku inda iska ta bushe ƙwarai, ta fara aiki a 2007 ta tsaya a 2022, amma a 2025 masu ita suka saki rukuni na shida na bayananta, kuma LAMBDA ce ke riƙe da su, tare da na rukunan da suka gabata. A kan dutsen nan kuma an riga an kafa magajiyarta, cibiyar Simons, wadda ta fara auna sama.